Guzurin da Ba Ya Lalacewa

A gidanmu na Lanham, can ƙasar waje, babu tsakar gida, balle murhun da za a kewaye. Ɗan kicin ne kawai a hawa na biyu, mai taga ɗaya da ke kallon wurin ajiye motoci. Amma Iya, mahaifiyar Babanmu, ba ta rasa wutarta ba. Da an idar da sallar magariba sai ta zura tire a cikin obin, akwatin gashin nan na lantarki, ta kashe fitilar kicin, ta bar 'yar ƙaramar nan ta cikin obin mai launin ruwan goro. Ta jawo wani bokiti da ta kife ya zama kujerarta, ni da ƙanena Sadik mu zauna a ƙasa, ɗumi yana dukan gwiwoyinmu. A nan muka sha tatsuniya duk tsawon sanyin shekarar da nake aji biyar.

Daga Zariya aka ɗauko ta don ta zauna da mu, da bizar wata shida. Mama ma'aikaciyar jinya ce, aikin dare take yi, ta dawo da safe idanu jajur ta faɗa gado. Baba kuwa da rana yana gyaran kwamfuta a ɗaya daga cikin manyan ofisoshin gwamnati na unguwar Southwest, da yamma ya zarce makaranta. Makonnin farko kullum sai Iya ta tuƙa tuwo. Ta malmala, ta rufe, ta jira. Mu yara mu ci namu, na Baba ya kwana, da safe ta ɗumama, ya sake wuni a rufe. Ba ƙi yake yi ba. Tuwo yana son a wanke hannu a zauna, shi kuwa muna barci yake shigowa, ya fita yana ɗaura agogo a kan matakala.

Maƙwabciyarmu Anti Rifkatu, mutuniyar Filato da ke aiki asibiti ɗaya da Mama, ita ta ga Iya tana juye tuwon jiya a kwandon shara.

"Ayya, Iya," in ji ta, "a ƙasar nan sai kin ba su abin da zai shiga aljihu. Zo in nuna miki."

Ta koya mata kunna obin, da yadda ake kwaɓa fulawa da man shanu da zuma a shimfiɗa a tire. Sauran kuma Iya ta ƙara da kanta. Ta daka dabino da soyayyar gyaɗa, ta zuba citta da kanumfari da kirfa, har da ɗan masoro, irin kayan ƙamshin da take sa wa fura a gida. Idan ya gasu ya huce sai a yanka shi dogo-dogo, kowanne kamar yatsu biyu, a naɗe a takarda. Ba ta da sunan da za ta kira shi, sai ta ce guzuri.

Yanka aikina ne. Ni yarinya ce marar magana, ko a aji ba na ɗaga hannu ko da na san amsa, amma ba na iya ganin abu a karkace. Rular makaranta nake wankewa in auna kafin in sa wuƙa.

"Malama, ai ciki bai san rula ba," Iya takan ce.

"Idan ba su zo daidai ba Sadik zai ɗauke babban."

"Bar mijina ya ci, ko ya yi ƙibar da zan nuna shi a Zariya."

Sadik yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake mayarwa. Ya turo baki ya ce, "I'm not your husband, Iya."

"Ji shi. Da Turanci ma yake sakina, don kada in gane in kai ƙara."

Guzuri ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Mama ta zuba a jakar aiki, Baba ya cika aljihun kwat, mu a jakar makaranta. Tire guda ba ya kwana biyu. Wata safiya na ji Mama ta durƙusa tana cewa, "Iya, Allah ya saka da alheri, wannan abin ya cece mu. Yanzu ba sai kin wahalar da kanki da tuwon Babansu ba." Iya ta ce, "To, madalla." Ta ci gaba da goge tiren da ya riga ya bushe.

Baba shi ne ɗanta na fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune, ba ta kallon fuskarsa. Idan ya tsuguna a ƙofar ɗakinta gaisuwa, bango take kallo ta amsa a taƙaice. Duk abin da take so ya sani, ta bakina yake bi. "Ki ce wa mutumin nan rigar da ya fita da ita ba ta tare sanyi." Irin wannan saƙon mai sauƙi ne. Amma ta aika a ce masa tana so ya zauna ya ci tuwon hannunta kafin ta koma, wannan ya fi ƙarfin bakinta. Ga shi kwanakin biza suna ƙarewa, an riga an fito da akwatinta daga ƙarƙashin gado.

A cikin waɗannan kwanakin ne, wata magariba ana zuba ƙanƙara, ta rufe obin ta zauna ta ce, "Ga wata tatsuniya ta iso bakin ƙofa, a buɗe mata?" Muka ce a buɗe mata ta shigo.

Wai an yi wata mata a gefen daji, tana da 'ya'ya maza manoma. Gonarsu da nisa, amma kullum rana tsaka sai sun dawo gida cin abinci, su koma a gajiye. Uwar ta ji tausayinsu. Ta tafi wurin tururuwa, tunda ita ce gwanar tanadi, ta roƙe ta ta koya mata abincin da ake ɗauka a tafi da shi. Tururuwa ta koya mata, sannan ta ce, "Amma ki bar masa ɗan danshi a ciki, yadda zai lalace kafin rana ta faɗi." Matar ta ce a ranta, wace uwa ce za ta ba ɗanta abin da zai lalace? Ta shanya shi ya bushe ƙarau.

Yara suka ji daɗi. Suka daina dawowa da rana. Da suka ga abin yana kwana lafiya, suka daina dawowa da yamma. Suka sari sabuwar gona a hayin kogi, daga nan suka sari wata a bayan dutse. Jaki suke turowa da mangala, uwar ta cika, jaki ya koma. Tana daka tana tambayar jaki ko babban ya rame, ko ƙaramin ya fara gemu. Jaki dai sai kaɗa kunne.

Rannan jaki ya zo ya tsaya a ƙofa, ba wanda ya fito. Ya wuni, ya kwana, ya juya da mangala wayam. 'Ya'yan suka ce ƙila tsohuwa ta yi mantuwa, ai da saura a jaka. Sai da jaki ya yi ta dawowa haka nan, sannan suka taso da faɗansu, suna cewa yau za su ji dalili. Suka tarar ciyawa ta tsiro a murhu, maƙwabta sun daɗe da binne uwar.

Sadik ya ce, "And then?"

"Sai suka zauna a tsakar gida, yunwa ta kama su, suka buɗe jaka suka ci abin da ya rage. Lafiyarsa ƙalau, ko ɗanɗano bai sauya ba." Iya ta miƙe ta shinshina iska, don ba ta aiki da agogo, hancinta ke gaya mata gashi ya yi. "Ta kama hanyarta ke nan. Wanda ya ji ya riƙe."

Sadik ya ce wannan ba daɗi, ya tafi wurin talabijin. Ina cikin aunawa da rula, Iya ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Malama, kin riƙe ta duka?"

"Na riƙe."

"To. Ko da wani zai tambaye ki abin da kika ji yau."

Na san babu mai tambayata. Na kwana ina maimaita ta a raina don kada in tsallake komai. Da safe Baba ya ɗauke ni a mota saboda ƙanƙara ta hana motar makaranta zuwa da wuri. Hannunsa ɗaya a sitiyari, ɗayan riƙe da guzuri yana gutsura. Ban taɓa yi masa magana mai tsawo ba. Na kafa ido a kan takalmina, na fara daga matar gefen daji, na bi ta tiryan-tiryan har ciyawar murhu. Ko da na kai ƙarshe mun daɗe da tsayawa a ƙofar makaranta, motocin baya suna ta yi mana ham.

Ya naɗe sauran guzurin a takardarsa, ya ajiye.

"Ita ta ce ki faɗa min?"

"Ba ta ce ba."

Sannan ya ce, "Ki ce mata ranar Juma'a ba zan je makaranta ba. Daga ofis gida zan yo."

Ranar Juma'a Iya ba ta kunna obin ba. Tun azahar ta jiƙa shinkafa, ta fito da kukar da ta zo da ita da daddawar da take ɓoyo a cikin gwangwani don kada warinta ya dami maƙwabta. Ta shimfiɗa tabarma a falo, ta ture teburin cin abincin da ba wanda ya taɓa ci a kai. Baba ya shigo ana kiran magariba a rediyon kicin. Ya yi salla, ya tuɓe kwat, ya naɗe hannun riga, ya zauna. Na kawo masa ruwan wanke hannu.

Iya kuwa ta koma kicin, ta zauna a kan bokitinta, ta ba ƙofa baya. Ni ce mai kai da kawowa.

"Ya fara?"

"Ya fara."

"Da cokali?"

"Da hannu."

"Miyar ta ishe shi? Duba ki gani, kada ki tsaya a kansa."

Na leƙa na dawo, na sake leƙawa. A leƙawar da na yi ta ƙarshe sai na ga ya jingina da kujera, kansa ya langaɓe, bakinsa a ɗan buɗe. Hannunsa na dama yana cikin kwano, da lomar da ya gutsura bai kai baki ba. Ko rabin malmala bai ci ba. Na dawo na tsaya, na rasa yadda zan faɗa.

"Mene ne?"

"Ya yi barci, Iya."

Sai ta tashi ta tari ruwan ɗumi a roba, ta ɗauki tsumma mai tsabta, ta shiga falo. Ta durƙusa a gabansa. Wannan ne karon farko da na ga ta kalli fuskarsa, kuma ta kalle ta sosai, tun daga furfurar da ta fara fito masa har ramin da ke ƙarƙashin idanunsa. Ta zare hannunsa daga kwano a hankali, ta cire lomar, ta wanke masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta goge, ta ɗora masa a cinya. Bai farka ba.

Da ta dawo kicin ta ce, "Miƙo min fulawa."

Kwanakin da suka rage mata duk gashi ta yi. Tire na fita, wani na shiga, ni ina yanka ina naɗewa, tana jerawa a firiza har ƙofar ta daina rufuwa da kyau. Ba ta ƙara yi mana tatsuniya ba, mu ma ba mu tambaya ba. A filin jirgi Baba ya tsuguna yi mata sallama, ta amsa tana kallon akwati.

An ce za ta dawo baɗi. Kafin azumi ya zagayo aka bugo waya daga Zariya, wai Allah ya yi wa Iya rasuwa, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Ko da Baba ya sami jirgi an riga an yi addu'ar bakwai. A lokacin akwai sauran guzuri a firiza, jeri biyu a can ƙurya. Ba wanda ya iya ci, ba wanda ya iya zubarwa. Mama takan ɗaga shi ta ajiye nama a ƙarƙashi, ta mayar da shi inda yake. Har muka tashi daga gidan yana nan.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar zargi ce, 'ya'yan nan su ne masu laifi, kuma na yi shekaru ina jin haushin Baba a ɓoye saboda barcin nan. Yanzu da nake jami'a, nake cin abinci a tsaye tsakanin aji da ɗakin gwaji, na san irin gajiyar da ke kwantar da mutum da loma a hannu. Na kuma lura cewa a cikin labarin Iya ba ta zagi 'ya'yan ko sau ɗaya ba. Matar ce aka yi wa gargaɗi, ta ji, ta kuma shanya abinta ya bushe, don ba za ta iya tura ɗanta daji da abin da zai lalace masa a jaka ba. Iya ta san ƙarshen labarin tun kafin ta ba mu shi. Ta ga fuskar ɗanta a wannan Juma'ar, ta auna abin da take so da abin da zai iya, sannan ta ce in miƙo mata fulawa.