An Binne Furannin Yaya da Ransu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ta rasu da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, a ɗakinta, bayan jinyar da ta kusa cinye shekara. Ta bar 'ya'ya da jikoki, ta bar ni. Ta kuma bar wani mutum guda wanda zan yi maganarsa a nan, ko da dangi za su ce ban kyauta ba.

Yaya, duk wanda ya san ki, da firisiya ya san ki. Furen nan ne mai siririn ganye, wanda furanninsa ke jeruwa a gefe ɗaya na kara, fari da rawaya da ja. Tun daga bakin ƙofa ƙamshinsa ke riga ki yi wa baƙo maraba. Mijinki ne ya kawo miki kawunan farko, 'yan ƙanana kamar albasar da ba ta ƙosa ba, kika shuka su jikin bangon tsakar gida. Da ya rasu, a nan kike zama da safe, kuma mun san ba furen kaɗai kike kallo ba.

Ke kika koya mini a binne kan da tsininsa sama, cikin ƙasa mai yashi, a kafa masa 'yar sanda don kada nauyin fure ya kwantar da shi. Nawa kullum ruɓewa suke yi. Sai ki yi dariya ki ce, “Ke kam so ne yake kashe miki su, ki rage ruwan nan.” Duk shekara idan kika tono kawunan, sai ki ɓare 'ya'yan da suka fito a jikinsu ki rarraba. Matar tela ta samu, ungozoma ta samu, har mai wankin da bai da tsakar gida kika cika wa gwangwani da ƙasa. Wanda ya kwanta ciwo a layinmu kuwa, zai ga furenki cikin kofi kusa da gadonsa.

Doka ɗaya ce ba ki wasa da ita. Idan fure ya kaɗe, ganyen zai yi rawaya ya kwanta, ya yi muni, amma ba a taɓa shi, domin a lokacin ne kan yake tara abincin baɗi. Sai ya bushe ƙayau ake tonowa. Wanda bai sani ba zai ɗauka sun mutu.

Ƙanen mijinki, wanda yaranki ke kira Baffa, ya sani. A sashen gaba na gidan yake zaune, ya ji wannan magana ya fi a ƙirga. Da ya sayi mota ya ce yana son wurin furen ya riƙa ajiye ta, ba ki yi masa musu ba. Kin roƙe shi ya jira ganyen ya bushe ki kwashe kayanki. A gabana ya ce, “Ba komai, Yaya, ai ba sauri nake yi ba.” Satin da aka kwantar da ke a asibiti, a satin ya kawo magina. Shebur ya fito da kawunan farare tas, wani magini ya ce masa waɗannan da ransu. Ya ce shara ce, su zuba siminti.

Ranar da muka dawo da ke gida kina riƙe da hannuna. Kika tsaya kika dubi daɓen, da motar a kansa. Da muka shiga ɗaki kika ce in sauke labulen tagar da ke kallon wurin. Ba a sake ɗage shi ba har kika bar duniya. Ban ce siminti ne ya kashe ki ba, ajali na Allah ne. Amma ni na yi jinyarki, na ga yadda matar da ke ɗokin wayewar gari ta daina tambayar ko rana ta fito.

Kin ce mini, “Ki bar shi, na yafe.” Yafiyarki taki ce, Yaya, kuma ta dace da ke. Ni ban yafe ba. Da na ga Baffa zaune a gaban masu gaisuwa yana share hawaye, yana ba da labarin yadda ya riƙe matar yayansa, sai na ji zuciyata tana tafasa. Na tashi na aika wa duk wanda kika taɓa ba kan firisiya, na ce ya kawo furensa.

Lokacin furensu ne, shekarar farko da gidanki bai da ko ɗaya. Washegari suka yi ta shigowa da tukwane da gwangwanaye da tsofaffin bokitai, kowanne ya cika da fure. Muka jera su a kan simintin, muka kewaye motar gaba da baya. Gidan ya ɗauki ƙamshinki, har babbar 'yarki ta fashe da kuka.

Baffa ya fito da makulli a hannu ya tsaya turus. Ya ce, “Wa ya ajiye waɗannan a nan?”

Na ce, “Na Yaya ne, Baffa. Gaisuwa suka zo.”

Ya duba ko wani zai taya shi, kowa ya kau da kai. Haka ya sunkuya yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, jiƙaƙƙiyar ƙasa tana ɓata masa farar riga, matar maginin kuma tana gefe tana ba mutane labarin abin da mijinta ya gani, ba tare da ta rage murya ba. Na ji daɗi, kuma ba zan ɓoye ba.

Masu tukwanen sun ce sun bar wa gidan. 'Yarki ta ce rabin tsakar gidan rabon mahaifinta ne, don haka mun jera su daidai ƙarƙashin tagar Baffa. Idan ganyen ya yi rawaya, a nan zan ajiye kujerata, mu ga mai taɓawa.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ki a lambun da ba mai tone miki shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki da jikokinki da maƙwabtan da kika riƙe kamar 'yan uwa, Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Shi kuwa Baffa, ba na yi masa fatan mutuwa. Allah Ya ba shi tsawon rai da lafiyar hanci.