Kaset ɗin Yaya a kan kadarko

Motar ta wasu Turawa ce. Sun ratso hamada da ita, suka sayar wa yayana a Gaya ta Nijar, suka wuce Kwatano. A cikin rediyonta suka manta kaset ɗaya. Sun ce ƙasarsu can arewa take, inda rana kan daɗe ba ta fito ba.

Kiɗan ba na rawa ba ne. Sarewa ce ke farawa, siririya, kamar ta makiyayi a nesa. Sai wani abu mai kama da goge ya shigo, yana jan sauti ɗaya har ka gaji da jira. Ganguna su taso, su canza taku ba sallama, su ɓace. Daga ƙarshe muryar mace, ita kaɗai, kamar daga cikin rijiya. Fasinjoji sun tsane shi. Matan kasuwa sukan ce, "Direba, cire mana wannan kukan aljanun!" Yaya sai ya yi dariya ya ƙara murya. Ya ce shi yana sanyaya masa kai.

Lokacin soja ne. Ba a tambayar dalili, takarda kawai ake nunawa.

Zazzaɓi ya kayar da Yaya a Malanbil, ƙetaren kogi, cikin ƙasar Benin. Ni da Kawu, ƙanen Inna, muka je jinya. Kafin mu tashi daga garinmu Bengu, Inna ta riƙe mini riga ta ce, "Ko yaya ka same shi, ka kawo mini shi gida."

A can, da hantsi, Yaya ya cika.

Gawa ba ta ƙetare kadarko sai da takardar hukuma, ta nan da ta can. Neman ta kwanaki ne, ga zafin bazara. Mutanen unguwar suka ce a binne shi nan, ƙasa duk ta Allah ce. Gaskiya suka faɗa. Amma ba su aka riƙe wa riga ba.

Muka sa masa rigarsa da hularsa, muka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyar Kawu. Na ja mota. Ɓangaren Benin ba su ko leƙo ba, sun san motar. Namu ne abin tsoro.

A tsakiyar kadarko na danna kaset. Sarewar ta tashi.

Kawu ya ce, "Kai! Kashe shi. Gawa muke ɗauke da ita."

Na ce, "Shi ya sa, Kawu."

"Ba a raka mamaci da kiɗa. Kafirai ne mu?"

"Sojojin ma sun san haka."

 Ina ganinsa a madubi, leɓensa na motsi.

A bariya, shingen namu, wani soja ya zo, bindiga a kafaɗa. Ya karɓi takardun mota, ya leƙa baya.

"Wannan fa?"

Na ce, "Shef, giyar Malanbil ce. Tun jiya yake haka."

Yaya bai taɓa kai giya bakinsa ba. Kawu ya runtse ido.

Sojan ya ce, "Tsoho, ɗanka ne? Ka yi asara." Ya miƙa hannu zai ɗaga hular. Daidai nan gangunan suka tsaya, matar ta fara. Ya dakata, ya juyo da kunne.

"Wace ce wannan?"

"Baturiya ce, shef."

"Me take cewa?"

"Ban sani ba."

Ya tsaya yana ji, hannunsa a kan tagar. Ƙuda ya sauka a leɓen Yaya. Kawu ya kore shi a hankali. Waƙar doguwa ce, ban taɓa jin tsawonta kamar ranar ba.

Sojan ya ce, "Ba ni shi."

Na ciro kaset ɗin na ba shi. Ya sa a aljihu, ya ɗaga sandar shingen.

Muka wuce Gaya, muka isa Bengu. Inna ta ga fuskarsa, ta shafa goshinsa. Aka yi masa wanka, aka sallace shi bayan la'asar, aka kai shi kusa da Baba.

Kawu bai ƙara shiga motata ba har ya rasu. Bai kuma faɗa wa Inna abin da na ce wa sojan ba.