Wasan Bakin da Ya Raba Ni da 'Yata

Edita, sunana a bar shi kawai. A lokacin da nake ba ku labarinsa ni ne sarkin tsokana a tashar acaɓa ta Tsohon Birnin Gwari. Boko a aji biyun sakandare na ajiye ta, amma bakina ya yi digiri. Auren ma da tsokana aka fara, don 'yar kawuna na aura, taubashiyata, wadda tun muna yara nake ce mata mai kan ƙwarya, ita kuma ta ce min mai ƙafar zakara. Allah ya ba mu 'ya mace, bakinta irin nawa sak.

Sau biyu na taɓa sakinta cikin fushi, duk a kan tana hana ni ɗaukar fasinjan hanyar daji. Manya suka shiga, na mayar da ita. Na ukun kuwa wallahi ko faɗa ba mu yi. Ina wanke babur a tsakar gida, ta ce tunda na fi son akwalar nan a kanta in je in aure ta mana. Ina dariya na ce to na sake ta, a ɗaura da babur ranar Juma'a. Ita ma dariya take, har tana tambayar wa zai sa wa amarya lalle. Gwaggonta da ta kawo mana daddawa ce ta ajiye kwano ta hau salati. Malamin da aka kai mu wurinsa ya ce saki ba ya karɓar wasa, da bakina na faɗa kuma a cikin hankalina, igiya ta ƙare. Kuka muka yi mu biyun a zaurensa.

Da ta gama idda sai abokai a tasha suka ce min ɗa ai na uba ne, da an yaye shi ke nan. Na ɗauko yarinyar na kai wa innata. Kawu ya kai ni kotun shari'a, alƙali ko murya bai ɗaga ba ya ce riƙo na uwa ne, in ta yi aure ya koma hannun mahaifiyarta, dangina sai can baya. Nawa ciyarwa, sutura, magani, sai zuwa gani. Ranar da na miƙa ta rigata ta riƙe, sai da aka ɓamɓare yatsunta.

Uwar ta yi aure, yarinya ta koma wurin kakarta a wani ƙauye gaba da Dogon Dawa. Da farko duk ran kasuwa ina zuwa. Sai ɓarayin daji suka matsa wa hanyar, damina ta wuce, wata ta zo, ban taka ba. Da hanya ta lafa na tafi da alewa cike da aljihu. Tana ganina ta ruga ciki tana ce wa kakarta mai acaɓa ya zo, wa ya kira shi? Na juye wa kakar alewar a hannu, na koma kan babur ɗina.

Samari 'yan uwana masu baki irin nawa, ku tsokani kowa, ban da kalmar nan. In kuma rabuwa ta zo, ku tambayi malami ina yaro zai zauna, ba 'yan tasha ba. Ni har yau ina sa fasinja dariya, amma a wurin 'yata mai acaɓa ne ni.