Layar Inna a cikin injin Habibu

Bakanike ya ɗaga bolan, faifan nan mai maganaɗisu da ke juyawa a saman injin jirgin ruwa, sai ya tsaya cak.

Tsohon injin ƙanena Habibu ne, da shi yake fiton mutane daga unguwar Treichville. Jiya ya mutu a tsakiyar lagun, babban tafkin nan da ke haɗe da teku, jirgi cike da fasinja, ruwa na jan su wajen teku, sai da masunta suka janyo su. An sauya buji, wato fulogi, an duba mai, wuta dai ba ta zuwa.

Laya muka gani manne da maganaɗisun, ta jar fata mai zoben ƙarfe. Zoben ne ya yi ta gugar wayar wuta har ta tsinke.

Na san layar. Ta Innarmu ce. Kwanan baya injin ya kwana a gidanmu na Adjamé, ashe ta buɗe murfi ta cusa ta.

Habibu ya ɓamɓare layar ya sa a aljihu.

"Yaya, don Allah kada ka gaya mata. Tun da na fara aikin ruwa hankalinta bai kwanta ba."

Da yamma na tarar da Inna tana jiƙa goro. Ta ja ni gefe, ta rage murya.

"Ka ga amfanin abin da na sa masa a inji? Ba don shi ba, da yanzu muna zaman makoki. Na ma aika a ɗinko wata."

Har yanzu ban ce mata komai ba. Ku da ta ina za ku fara?