Saƙon da ban buɗe ba

Lyon

Na bar gida tun kafin kiran asuba, ko shayi ban kurɓa ba. Sana'ata a unguwar La Guillotière ita ce haɗa saƙonnin mutanenmu in tura Nijar ta jirgin kaya. Kwana ɗaya kafin nan, kwatsam aka kira ni daga filin jirgin Paris: 'yan duwan, wato kwastan, sun riƙe kayan dukansu saboda kwali guda, ana son ganina. In suka ɗauke ni mai fasa-ƙwauri, shagona ya rufu ke nan.

Kwalin na Isufu ne, mai aikin ordinater, wato kwamfuta, ɗan aminina Alhaji Mamman. Uban ne ya kawo shi da hannunsa, ni kuwa ban buɗe ba. A wajenmu ba a buɗe saƙo. Ka buɗe, ka ce wa mai shi maƙaryaci ne. A takarda na rubuta "kayan lantarki", shi ke nan.

Jirgin ƙasa na ƙarfe shida na kama. Gudun awa biyu ne, amma ban ga komai a taga ba.

Paris

Malam Sani, mutumin Maraɗi da ke aikin dare a kasuwar Rungis, shi ya tarbe ni a tasha, idanunsa jajur don barci. Ya tura mini burodi da kafe.

"Alhaji, mi ke cikin kolin?"

"Wallahi ban sani ba."

"To, kar ka faɗi haka da wannan muryar," in ji shi.

Muka shiga jirgin ƙasa zuwa Roissy, inda filin jirgin saman yake, daga nan bas har sashen kaya. A ƙofa aka karɓi katina, aka bar Malam Sani a waje.

Wata ma'aikaciya ta buɗe kwalin a gabana. Akwatunan ƙarfe biyu ne, ko girman faranti ba su kai ba. Ta ce a cikinsu akwai manhajar da ke kulle bayanai, ba mai iya karantawa sai mai mabuɗi. Ta wayar hannu ba laifi, amma irin wannan ba ta fita Turai sai da izinin hukuma, don soja ma yana amfani da ita. Kalmar soja ce ta tsaya mini a rai. Tsoro na ji, ba kaɗan ba.

Na kira Isufu a waya, ya ce: "Baba, pardon, na wani ƙaramin asibiti ne a Damagaram, don sirrin marasa lafiya. Na ɗauka saƙo ba ya son otorizasiyon."

Na miƙa mata wayar, ta yi masa tambayoyi, ta daɗe tana rubutu, sannan ta dube ni.

"Me ya sa ba ka duba ba?"

"Ɗan aminina ne."

"Sunanka ne a kan kayan, ba na amininka ba."

Aka saki sauran kayan, aka riƙe kwalin sai Isufu ya nemo izini. Ta ce in an sake, ba a ofishinta za mu gamu ba, sai a kotu. Na kwana ɗakin Malam Sani, tuwon semolina ya yi mini, na ci kamar ban taɓa ganin abinci ba.

Lyon kuma

Na iso da azahar, na zarce shago. Ga Alhaji Mamman zaune yana jira, ya zo ban haƙuri, da ƙunshi a hannu da za a kai wa ƙanwarsa a Tawa. Muka gaisa, na ɗora shayi.

Na ce, "Alhaji, buɗe in gani."

Ya dube ni ya daɗe. Ya kwance igiyar da kansa: takalman yara ne da man zafi. Ya ɗaure, ya ajiye, ya ce sai an jima. Shayin bai sha ba.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Sani. Shago yana nan a buɗe. Alhaji Mamman har yau yana aiko da saƙo, amma ta hannun wani, kuma a kwance, ba a ɗaure ba.