Layin da Malama Tuulikki Ke Ja a Bakin Tafki

Kullum da safe, tun gari bai gama wayewa ba, za ka ga Malama Tuulikki Rantala ta tura kekenta ta gefen tafki, shayinta a gora, hularta ja kamar barkono. Haka muka saba ganinta tun gashinta yana baƙi. Bana ta ajiye alli, ta bar koyar da lissafi a ƙaramar sakandaren garinmu, ni kuwa bakina ba zai yi shiru ba.

Yara suna son lissafi mai amsa ɗaya, a rubuta a huta. Idan aka zo darasin "ya fi" da "bai kai ba", sai ido ya raina fata. Ita kuwa sai ta ce, "Ku ɗauko rigunan sanyi." Ta kai su bakin tafki da sanyi ya daskarar da samansa, ta ja dogon layi a kan dusar ƙanƙara, ta jera lambobi a kai, ta soka sanda a kan goma.

"Kaurin ƙanƙarar da za ta ɗauki mutum aƙalla santimita goma ne. Daga sandar nan zuwa dama, duk amsa ce. Daga hagu kuwa, ku koma gida ku sha koko."

Wani yaro ya taɓa cewa, "Malama, tara da rabi fa? Ai saura kaɗan."

"Kai dai faɗa wa ruwan saura kaɗan, mu ji ko zai yi maka ragi."

Jikata Vilja ta zauna a ajin nan. Kakanta Urho, maigidana, kamun kifi ta ramin ƙanƙara ya fi masa abinci, taurin kai kuma ba a magana. Wata safiya da sanyi ya fara ja da baya, ya shirya zai tsallaka tafki. Vilja ta bi shi. Ya huda ƙanƙara a bakin gaɓa, ya auna.

"Sha biyu. To, 'yar boko, sha biyu bai fi goma ba?"

"A nan ya fi, tsoho. Amma ba nan za ka tsaya ba. Malama ta ce dole ko'ina ka taka ya kai goma. Wurin da ya fi siranta shi ne alƙali."

"Tun ba a haifi ubanki ba nake taka tafkin nan."

"Ai lokacin ba ka da wannan tumbin."

Ta riƙe masa hannun riga har sai da suka zaga ta gaɓa zuwa inda rafi ke shigowa, hanyar da zai bi. Ya miƙa hannu ya huda. Shida. Ya daɗe yana kallon ramin. Suka dawo gida ba kifi, ranar dankali kawai muka ci, kuma ban taɓa cin mai daɗinsa ba.

Malama Tuulikki, ke ce mai jan layi tsakanin tafiya da dawowa. Ba ki san wannan labari ba, don Urho ya hana a faɗa. Ranar bankwananki shi ne tsohon da ya ajiye kyafaffen kifi a teburinki ya fice.

Mun gode. Masu koyarwa da ke tasowa, ku fitar da yaran nan waje, ku nuna musu inda lissafi yake taka ƙasa. Ni dai nawa tsohon yana nan kusa da murhu, yana mita.