Ranar da Na Kai Inna Getso da Ragowar Caji

A lokacin ni matashi ne mai ji da kansa, ina aiki a Kano, na sayi motar lantarki ta hannu, har ina yi wa masu bin layin fetur dariya. Gidan haya nake, wutarmu kuwa sai ta ga dama take zuwa, don haka na dogara kacokan da wurin cajin jama'a. Amma halin direban fetur bai bar ni ba, sai mota ta kusa mutuwa nake tunawa da ita. Na manta ba a sayar da lantarki a galan a bakin hanya.

Wata safiya aka bugo cewa ƙanin mahaifiyata ya rasu a Getso. Kowa ya san ba a ajiye gawa, mata kuma ba sa bin makara. In ba mu isa kafin a fito da shi ba, Inna ta rasa ganinsa ke nan. Na duba mota, caji ya kusa ƙarewa. Na ɗauki Inna muka je wurin cajin, na'ura ɗaya ce ke aiki, ga layi. Muka bi layin. Wata Hajiya da motarta ke kan na'urar ta hango Inna tana share hawaye da mayafi, ta zo ta gaishe ta. Da ta ji dalili, da kanta ta sa aka zare wayar aka maƙala wa tawa, ta kuma bi direbobin ɗaya bayan ɗaya tana ba su haƙuri. Wani ya fara ƙorafi, ta ce masa tafiyar kowa a nan tana iya jira, ban da ta wannan baiwar Allah.

Ban tsaya ta cika ba. Na kashe na'urar sanyi, muka wuce Kabo da Gwarzo ina zufa, idona a kan allon da ke nuna ragowar caji. Mun tarar ana shirin ɗaukarsa. Aka dakata, Inna ta shiga ta yi wa ƙaninta addu'a. Motar kuwa a ƙofar gidan ta kwanta, sai janyo ta aka yi zuwa Kano.

Har yau ina jin kunyar abin, kuma ko sunan Hajiyar ban sani ba, addu'a kawai nake mata. Masu irin motata, ku cika ta tun ba ku da inda za ku. Kiran rasuwa ba ya tambayar ko ka yi caji.